Ranar da Na Riga Jirgin Birnin Kebbi Isa Sakkwato

Makon jiya ina zaune a rumfar direbobi a tashar Zuru, wani saurayi da bai daɗe da sayen mota ba ya miƙo mini wayarsa har kusa da hancina. Ya ce in duba da kyau, tsakanin filin jirgin Birnin Kebbi da na Sakkwato ko rabin awa jirgi ba ya yi a sama. Ya ce shi ma zai shiga aikin kai mutane filin jirgi, tunda abin ba wuya: waya ta faɗa maka nisa, ta faɗa maka lokaci, kai kuwa ka taka totur. Abokansa suka yi dariya, ɗaya ya ce ai ya kawo tambayarsa gidan da ya dace, ga Baba Bawa Tsere-da-jirgi nan zaune. Sunan da suke kirana ke nan a tasha, kuma yawancinsu ba su san inda na samo shi ba. Saboda su nake wannan rubutu.

Wayar ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, mutumin Zuru ba daga filin jirgi yake fara tafiya ba. Daga ƙofar gidansa yake farawa, ya bi ta Dabai, ya bi ta Mahuta, ya fita Koko, ya miƙe zuwa Jega. A Jega hanya ta rabu. Hagu ta kai ka Birnin Kebbi, dama ta kai ka Sakkwato. Duk sana'ata a tsakanin ƙofar gidan nan da mararrabar nan take.

Aikin farko da na fara ganin ana kai mutum jirgi, ina yaron mota ne a wurin marigayi Oga Musa, mai wagon ɗin Sakkwato. Wani kyaftin ne hutunsa ya ƙare, zai hau jirgin la'asar. Oga ya tambaye ni yaushe ya kamata mu tashi. Na ce da hantsi, tunda sai la'asar. Ya ranƙwashe ni a ka, ya ce ɗan fasinja ne ke ƙirga tafiya daga gida, direba daga wutsiya yake ƙirgawa. Ka fara da lokacin da za a rufe kanta, wato teburin da ake duba tikiti a auna kaya, ba lokacin da jirgi zai tashi ba. Daga nan ka yi ta ja da baya. Ka cire wa shingen jami'ai rabonsa, ka cire wa salla nata, ka cire wa taya ɗaya da za ta fashe, ko da ba ta fashe ba. Abin da ya rage shi ne lokacin tashinka. Ranar kuwa taya ta fashe mana bayan Koko, muka canza, muka isa har kyaftin ya samu ya sha shayi. Na daɗe a hannun Oga Musa ina wanke mota da ɗaure kaya kafin ya bar ni na taɓa sitiyari, amma wannan ranƙwashin ya fi duk sauran karatun.

Ku buɗe but ɗin motata yau za ku ga abin da samari ke yi wa dariya. Safaya biyu, ba ɗaya ba. Jak da ɗan guntun katako da ake ɗora shi a kai idan ƙasa ta yi laushi. Fanbel sabo a cikin leda. Jarkar ruwa saboda lagireto, jarkar mai saboda kada in tsaya layi a gidan mai da fasinja a ciki. Da damina ina ƙara shebur da dogayen katakai biyu da igiya mai kauri. Wani yaro ya taɓa tambayata ko gini zan je yi. Na ce masa duk wanda ya san tsakanin Mahuta da Koko a watan ruwa ba ya wannan tambaya. Kayan aiki na ƙarshe ba a but yake ba: mutum ne a kowane fili. A Birnin Kebbi ina da Ummaru, direban tasi da ke kwana yana tashi a bakin filin. Waya tana faɗa maka abin da aka shirya, Ummaru yana faɗa maka abin da idonsa ke gani.

Fasinja kuma iri-iri ne. Soja mai komawa bakin aiki ba ya ba ka wahala, kafin ka yi hon yana tsaye da jakarsa. Ɗan kasuwa waya ce matsalarsa, sai ya ce ka tsaya a Jega ya ga wani mutum minti biyu. Wanda ya fi kowa cin lokaci shi ne wanda tafiyarsa abin alfahari ce ga dangi, maniyyaci ko mai zuwa ziyara Urushalima. Mu nan ba ma barin mutum ya fita haka kawai. Sai an yi addu'a, sai kowace gwaggo ta ba da saƙo, sai an raka shi har bakin kwalta. Abu ne mai kyau, amma jirgi ba shi da gwaggo. Shi ya sa na kafa doka biyu: kaya su kwana a motata, sallama kuma a gama ta tun jiya.

Yanzu sunan nan da kuke kirana. A shekarun farko da jirgin fasinja ya fara sauka Birnin Kebbi, akwai wanda yake tasowa daga Abuja, ya sauka can, ya tashi ya sauka Sakkwato, sannan ya koma Abuja. Na ɗauki shatar wani malamin makaranta daga Ribah, Malam Yohanna, an kira shi Abuja ganawa kan gurbin ƙaro karatu a waje. Shata ce, motar tasa ce shi kaɗai, amma na tsaya a Mahuta na ɗauki mutum biyu da kayansu, na kuma tsaya sauke su a Koko. Muka isa fili an rufe kanta, jirgi yana tsaye muna ganin sa ta shingen waya. Wani ya ce ai zai sauka Sakkwato. Ni da furfurata na bugi ƙirji na ce wa Malam ya shiga mota, kafin su gama sauke mutane a can mun isa, Kabi da Sakkwato ai maƙwabta ne. Maƙwabta ne a sama. A ƙasa tafiyar awa biyu ce da ɗoriya. Na taka motar nan kamar ba tawa ba, ba mu yi nisa ba jirgin ya wuce ta kanmu, ban saki totur ba, muna wuce Argungu lagireto ya tafasa, inji ya buga. Malam Yohanna ya kwana a kan benci, gurbin kuma aka ba wani. Har yau yana koyarwa a Ribah, idan mun haɗu shi ke fara gaishe ni. Laifin ba na hanya ba ne, ba na jirgi ba ne, nawa ne. Kafin a jawo motar zuwa Zuru sunan ya riga ni isowa tasha.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce shekarar kulle, da aka dakatar da jirage saboda annoba aka ce kowa ya zauna gida. Motoci biyu gare ni a lokacin, na sayar da ɗaya. Ɗayar na cire kujerun baya ina ɗaukar buhunan dawa da masara daga ƙauyuka har sifirin ɗin ƙarƙashinta ya kwanta. Da jirage suka dawo, sai aka tarar hanya ta canza hali saboda 'yan bindiga. Dā muna tashi tun kafin asuba mu kamo jirgin safe. Yanzu ba mai fita sai gari ya waye sosai, ba mai son magariba ta same shi a daji. Ranar direba ta gajarce ta gaba da baya. Hanyar Kontagora da wasu ke bi su tafi Abuja kai tsaye kuwa, a lokacin ba ka sa tsoho a kanta. Da yawa cikinmu suka bar aikin fili suka koma lodin kasuwa. Ni na tsaya, na sake koyon ƙirgar daga farko.

Aikin da nake so ku ji da kyau shi ne na Baba Saje Danladi na Dabai. Tsohon soja ne, ya girme ni nesa, yana tafiya da sanda. Babbar ɗiyarsa Rifkatu ta bi sawunsa, tana aikin soja a Legas, ta kai kyaftin. Aka ƙara mata girma zuwa manjo, za a ɗora mata mikiya a kafaɗa da safe, ta ce tana son ubanta ya kasance a wurin. Mutumin da ya yi shekarunsa duka yana sara wa hafsoshi, gobe ɗiyarsa ce babbar hafsa. Tikitinsa na ranar jajibiri ne, daga Birnin Kebbi zuwa Abuja, daga can su canza zuwa Legas da yamma, shi da ƙaramar ɗiyarsa Saratu mai aiki a shagon magani a Zuru. Idan wannan jirgin ya wuce su, babu wani kafin safiya. Na ba shi shawara su tafi tun kwana ɗaya kafin nan su kwana a Birnin Kebbi. Ya ce yana da gayya a gonarsa ranar, kuma soja ba ya makara.

Kaya sun kwana a motata yadda na ce: garin dawa, busasshiyar kuɓewa, da ƙullin daddawa babba da ƙanwarsa ta yi wa Rifkatu. Sallama ma Saratu ta tabbatar mini an gama. Da na iso Dabai gari na wayewa, sai na tarar da abin da ban ƙirga ba. Tsofaffin sojoji abokan Saje sun jeru a ƙofar gida da tsofaffin hulunansu, sun ce jiya sallamar dangi aka yi, yau tasu ce, da fareti za su kai shi mota. Matan zumunta na coci kuma suna gefe suna waƙa. Ba a yi wa irin waɗannan mutane hon. Na tayar da inji na bar shi yana aiki ko za su gane, wani tsohon kofur ya leƙo ya ce in kashe, yana hana su jin umarni. Sai da aka yi fareti, aka yi addu'a, kowa ya ba da saƙon da za a kai wa Manjo. Muka bar Dabai rana ta ɗaga.

Da abin ya tsaya nan, da lissafina ya ɗauke shi. Amma damina ce, an kwana ana ruwa. Bayan Mahuta muka tarar tirela ta kafe a kan wani kwalbati da ya rufta, motoci sun yi layi gaba da baya. Na sauka na taka gefen hanya da ƙafa, na ga inda ƙasa ke da tsakuwa a bakin wata gona. Na nemi izinin mai gonar, na fito da shebur da katakai, samarin ƙauyen suka kama mini, muka riƙa shimfiɗa katako muna turawa, muna ɗaukowa daga baya muna kaiwa gaba. Muka fita da laka har gwiwa. Lokacin taya da na ajiye, da na salla, da na shinge, duk kwalbatin nan ya cinye. Muna shiga Jega ana kiran azahar.

Na faka kafin mararraba na kira Ummaru. Ya ce jirgi ya taso daga Abuja, kanta kuma a buɗe take amma layi ya kusa ƙarewa.

"Baba, in Jega kake, kak ka ɓata manka," in ji shi. "Kahin ka iso sun ruhe."

Saratu ta ji, ta dafe kai. Saje kuwa ya cire hular da ya sa tun Dabai ya ɗora a gwiwa. Ni kuwa na tsaya ina ƙirga daga wutsiya. Jirgin nan bai ma sauka Birnin Kebbi ba tukuna. Sai ya sauka, ya sauke mutane, ya ɗauki wasu, ya tashi, ya yi ɗan tsallen nan nasa, ya sauka Sakkwato, ya sake saukewa ya sake ɗauka. Filin Sakkwato kuma kafin ka shiga gari yake idan ka fito ta Jega, ba ruwanka da cunkoso. Na juya na ce musu dama za mu bi, a Sakkwato za su hau.

Saje ya dube ni ta ƙasan ido. "Bawa, jirgin nan fa shi ne ya taɓa kayar da kai a Argungu. Da ni za ka rama?"

"Ranka ya daɗe, wancan karon bayansa na bi. Yau gabansa zan tare."

Sai ya mayar da hularsa. "Ashe kwanton ɓauna ne. To me muke jira?"

Rabin aikin ranar ba ni na yi ba, Saratu ce, kuma ina so samari masu waya su ji wannan. Tikitinsu na Birnin Kebbi ne, idan ba a mayar da shi Sakkwato ba, ko mun isa banza ne. Muka yi salla a gurguje ni da mai shagon da na faka a gabansa, ita kuma tana kan waya da wanda ya sayar musu da tikitin. Muka kama hanya tana magana, sabis yana ɗaukewa yana dawowa, tana sake kira. Sai kusa da Tambuwal ta ce an gyara, har ta karɓi takardar shiga jirgi a cikin wayar. Sharaɗi ɗaya ne: ba za su samu lokacin auna kaya ba, sai abin da za su riƙe a hannu. Saje ya ce garin dawa ya zauna, kuɓewa ta zauna, amma ba zai je wurin ɗiyarsa hannu sake ba. Ya sa Saratu ta jawo ƙullin daddawa ta bayan kujera, ya ɗebi dunƙule uku ya naɗe a hankici, ya cusa a aljihun kwat ɗinsa tare da lambobinsa na yaƙi. Saratu ta ce Baba za ka kori mutane daga jirgi. Ya ce duk wanda bai san warin gida ba ya buɗe taga.

Bayan Tambuwal akwai shingen sojoji da layi. Nan ne Ummaru ya kira ya ce jirgi ya sauka. Da muka matso, Saje ya sauke gilashi ya ƙare wa sojan da ke tsaye kallo, sai ya gaishe shi da C'lela, yaren mutanen Zuru. Yaron ya amsa da baki buɗe. Ɗan wajen Ribah ne. Ɗan Zuru ba ya rasa ɗan'uwa a shinge. Da ya ji inda tsohon za shi da abin da zai kai shi, ya leƙa but ya ga shebur da laka, ya rufe, ya ƙame ya ce a gaida Manjo.

Mun wuce Shagari kaɗan wayar ta sake ƙara. Ummaru ya ce jirgi ya tashi, ga shi can ya juya hanci gabas. Daga wannan lokacin abin da ya rage masa a sama bai kai rabin awa ba, daidai yadda wayarku ta faɗa. Saratu ta matso ta riƙe bayan kujerata ta ce Baba Bawa don Allah a ƙara wuta. Na dubi allurar zafin inji, tana inda ya kamata. Na bar ta a nan. Motar ta sha laka tun safe, ta ɗauko tsoho, kuma na san abin da ke faruwa da wanda ya ga jirgi ya manta da lagireto. Na ce mata ba sai mun fi shi gudu ba, shi sai ya sauka ya sauke mutane, mu ƙofa kawai muke nema. Na riƙe tafiya ɗaya, ban ƙara ba, ban rage ba, ban wuce wata mota a kwana ba. Muka ratsa Bodinga. Saje ya fara wata tsohuwar waƙar fareti a hankali yana buga sandarsa a ƙasan mota.

Na tsaya a bakin ƙofar shiga filin jirgin Sakkwato, fili shiru, babu jirgi a ƙasa. Saratu ta yi gaba da wayarta, ma'aikacin ya duba ya ce su shigo da sauri. Na kama Saje ya sauko, na miƙa masa sandarsa, na kakkaɓe masa kwat. Ya taka ƙafa ɗaya a kan dakali ke nan muka ji ƙara daga yamma. Muka ɗaga kai. Ga shi nan yana saukowa, ƙafafunsa a waje.

Saje ya bi shi da kallo har ya taɓa ƙasa. Sannan ya ce, "Bawa, in ka ga direbansa ka ce ina yi masa sannu da zuwa. Ya same mu lafiya."

Ban juyo ranar ba, don magariba za ta same ni a daji. Na kwana a Sakkwato, da safe na sa garin dawa da kuɓewa a motar Legas, na kamo hanyar gida. Bayan mako guda na je na ɗauko su, a Birnin Kebbi wannan karon. Saje bai bari na kai shi Dabai kai tsaye ba, sai da ya sa na tsaya a tasha, a rumfar nan da kuke zama. Ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa da aka ɗora wa Rifkatu mikiya, ya ba Saratu sandarsa, ya miƙe da ƙafafunsa, ya ƙame ya sara wa ɗiyarsa a gaban manyan hafsoshi, ita kuma ta amsa. Ya ce daddawar ma ta isa, a daren aka yi miya da ita. Sannan ya nuna ni da sanda ya ce kada wanda ya canza mini suna, Tsere-da-jirgi nake, yanzu dai an yi ɗaya da ɗaya.

Saurayin nan mai waya na ce masa ban hana shi sana'a ba, akwai abinci a cikinta, kuma wayarsa za ta yi masa amfani kamar yadda ta Saratu ta yi mana. Amma ya ajiye motarsa tukuna, ya zo ya zauna a gefena tafiya uku ko huɗu, da damina. Zai riƙe shebur, zai jira fareti ya ƙare ba tare da ya taɓa hon ba. Idan mun kai Jega zan faka kafin mararraba, in kashe inji, in tambaye shi: hagu ko dama?